Ribaɗi a Ƙasar Noma: Addini da Tsaron Gida a Kudancin Katsina

A Gozaki, tsohon garin nan na ƙaramar hukumar Kafur, da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, maganar tsaro ta daɗe da shiga masallaci. Ana alƙunutu, ana kuma jan kunnen masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Ba abin mamaki ba ne, domin masallacin ma bai tsira ba. A Disambar 2022 an sace masallata a Maigamji ta Funtuwa, a Agustan 2025 kuma aka kashe mutane da dama suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi.

Tunanin cewa gadin gari ibada ne ya girmi wannan fitina. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garuruwan ribaɗi a kan iyakokin daula, ciki har da Wurno inda ya rasu a 1837. Mazaunansu suna noma, suna karatu, suna tsaron iyaka. Malaman fiƙihu sun sanya kare al'umma cikin farillan kifaya: wasu su tsaya a ɗauke wa kowa, a bari kuma laifin ya hau kan kowa. Hadisi ya ba da matsayin shahada ga wanda aka kashe yana kare iyalinsa ko dukiyarsa. Wannan tarbiyya na cikin abin da ke sa manomi ya wuni a gonar masara, ya kwana yana sintiri. Da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, daga cikin 'ya'yan garuruwan da abin ya shafa aka ɗebi matasanta.

Sai dai addinin da ya wajabta tsaro ya kuma gindaya masa iyaka, kuma nan ne aka fi yin sake. Shari'a ba ta yarda a kama wani da laifin wani ba. Ɗan sa-kan da ya tare Bafulatani a hanyar kasuwa ya hallaka shi ba tare da bincike ba, ya ɗauki alhakin rai, ya kuma jawo wa ƙauyensa ramuwar gayya. Hukunci aikin hukuma ne da alƙali.

Akwai kuma amana. Ɗan bindiga ba ya sanin gidan da aka sayar da hatsi sai wani na cikin gari ya faɗa masa, ba ya samun fetur da burodi a daji sai an kai masa. Haka haƙƙin maƙwabtaka ya haɗa da Hausawa Kiristocin Kafur da Malumfashi, tunda ɓarayin daji ba sa tambayar addini kafin su kore shanu.

Saboda haka aikin liman bai tsaya ga zaburar da matasa ba. Wajibi ne ya koya musu wanda ya halatta a yaƙa, da wanda jininsa ya haramta, da lokacin da ya kamata a miƙa wanda aka kama ga hukuma.