Awa Uku Na Farko A Sashen Taimakon Gaggawa

A kowane babban asibiti akwai sashe guda wanda ba a rufe ƙofarsa dare da rana, wato sashen taimakon gaggawa. Nan ake kawo wanda mota ta buge, da wanda ya ƙone, da matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya kaɗai yana hallaka mutane kimanin miliyan 1.19 kowace shekara.

A wannan sashe ba wanda ya riga zuwa ake fara dubawa ba, sai wanda ya fi jin jiki. Ana danganta asalin wannan tsari ga Dominique Larrey, likitan sojojin Napoleon na Faransa. A ma'aunin da Afirka ta Kudu ta tsara, wanda aka yi wa jar alama nan take za a duba shi, mai ruwan lemo cikin minti 10, mai rawaya cikin awa ɗaya, mai kore kuwa cikin awa huɗu.

Zubar jini tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu rauni da wuri. A 1962 wasu masana biyu a Japan, Utako Okamoto da mijinta Shosuke, suka ba da labarin wani magani mai suna tiranekzamik asid, wanda ke hana gudan jinin da ya toshe rauni narkewa. A 2010 aka bayyana sakamakon binciken CRASH-2, wanda aka yi a kan masu rauni 20,211 a asibitoci 274 cikin ƙasashe 40. Waɗanda suka rasu cikin masu samun maganin kashi 14.5 ne cikin ɗari, saura kuwa kashi 16. Da aka sake nazarin alƙaluman, sai aka ga amfaninsa yana cikin awa uku na farko ne. Bayan nan ba ya taimakawa, har ma yana iya cutarwa.

A 2017 binciken WOMAN, wanda ya ƙunshi mata 20,060 a ƙasashe 21 har da Nijeriya, ya nuna cewa idan aka ba mai jego maganin cikin awa uku, mutuwa ta zubar jini takan ragu da kusan sulusi. Amma sau da yawa ba a gane jinin ya yi yawa sai lokaci ya ƙure, domin da ido ake kimantawa. Saboda haka a binciken E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano take cikin jagororinsa, aka riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai awo. Da zarar awon ya nuna haɗari, sai a haɗa tausar mahaifa da allurai da ƙarin ruwa gaba ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da takan jawo suka ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Wani lokaci kuma bincike yakan rushe abin da aka saba. A 2011 binciken FEAST a Uganda da Kenya da Tanzaniya ya duba yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani. Fiye da kashi 10 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri suka rasu cikin kwana biyu, na sauran kuwa kashi 7 ne da ɗoriya. Wannan bai shafi yara masu gudawa ba, waɗanda ruwa shi ne cetonsu.

To, amma duk wannan ilmi ba zai yi amfani ba idan majinyaci bai iso da wuri ba. Rashin motar ɗaukar marasa lafiya, da lalacewar hanya, da ƙarancin jini a ma'ajiya, da ƙaurar likitoci zuwa ƙasashen waje, duk suna cinye awa ukun nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta a ƙi ba kowa taimakon gaggawa, wata doka ta 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ko da babu takardar 'yan sanda. Ya kamata hukumomi su tabbatar ana bin waɗannan dokoki, jama'a kuma su san haƙƙinsu, su garzaya da mai rauni asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.