Daga Kwalejin Ilimi Zuwa Jami'a ta Hanyar Shiga Kai Tsaye

Takardar shaidar malanta ta NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaida da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta amince a koyar da ita a makarantun Nijeriya. Ana samun ta ne bayan shekara uku a kwalejin ilimi, ƙarƙashin kulawar hukumar NCCE wadda aka kafa a 1989. Ga wanda ke son ci gaba, wannan takarda kan buɗe masa ƙofar jami'a ta hanyar da ake kira shiga kai tsaye.

Abin da ake nufi shi ne, mai NCE ba ya sake zana jarrabawar share fagen shiga jami'a tare da waɗanda suka fito daga sakandare. Yakan cike takardar neman gurbi a hukumar JAMB, idan aka ɗauke shi kuma sai ya fara daga aji biyu. Ke nan digirin shekara huɗu ya koma masa na shekara uku. Duk da haka, sai ya kasance yana da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, har da Ingilishi, kuma sai an tantance sakamakonsa daga kwalejin da ya fito. Kowace jami'a tana da matsayin makin da take karɓa.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne haɗin darussa. Jami'a ba ta duban NCE a dunƙule, darussan da aka karanta take bi ɗaya bayan ɗaya. Misali, a ɗauki ɗalibai biyu da suka kammala Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Na farko ɗan Jega ne, ya haɗa Kimiyyar Sinadarai da Kimiyyar Halittu. Wannan yana iya neman gurbi a jami'ar jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006 domin kimiyya da fasaha, ga ta kuwa kusa da gida. Ta biyu 'yar Maiyama ce, ta haɗa Hausa da Nazarin Addinin Musulunci. Kusancin Aliero ba zai amfane ta ba, domin darussanta ba su ne alƙiblar wannan jami'a ba. Hanyarta ita ce Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Jami'ar Bayero da ke Kano, inda nazarin Hausa ya daɗe da kafuwa. Wannan kuwa yana nufin kuɗin mota da na masauki, da kuma neman yardar iyaye ko ta miji. Abin takaici, wasu ɗaliban ba sa gane haka sai suna ajin ƙarshe, alhali tun ranar rajistar shekarar farko aka yanke hukuncin.

Akwai kuma batun shekaru. Wanda ya kammala digiri bayan ya haura shekara 30 ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar ɗauke nauyi ake ba shi. Malamin da ya yi shekara shida yana koyarwa a firamare kafin ya nemi gurbi, ya kamata ya yi wannan lissafi tun kafin ya sayi fom.