Heimaey: Garin da ya kashe wutar dutse da ruwan teku

Idan jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya tunkari tsibirin Heimaey da ke kudancin ƙasar Iceland, abin da fasinja zai fara lura da shi shi ne ƙuncin mashigar tashar. A hannun dama dogayen duwatsu ne, tsuntsaye na ta shawagi a jikinsu. A hagu kuwa wani baƙin dutse ne mai kaushi, kamar an juye gawayi a bakin teku.

Shekarun wannan baƙin dutsen 50 ne da 'yan kai, kuma saura ƙiris ya toshe tashar baki ɗaya.

Manyan jirage ba sa iya shiga ciki. Sai su tsaya daga waje, a riƙa jigilar fasinjoji da ƙananan jirage. Ranar da igiyar ruwa ta yi ƙarfi kuwa, matuƙin jirgi na iya soke saukar a wuce. Waɗanda suka yi sa'a suka taka ƙasa, sa'o'i kaɗan ake ba su kafin a kira su su koma.

Garin ƙarami ne, mazaunansa dubu huɗu da 'yan ɗaruruwa. Heimaey kaɗai ake zaune a kansa cikin rukunin tsibiran Vestmannaeyjar. Da kamun kifi garin yake rayuwa, kuma tun daga bakin tasha hancin baƙo zai shaida masa haka.

Daren 23 ga Janairun 1973

Wajen ƙarfe biyu na dare ƙasa ta tsage a gabashin tsibirin, dab da gidajen ƙarshe na gari, wuta ta fara tashi sama. Mutane na barci.

Abin da ya cece su shi ne guguwar da aka yi kwana ɗaya kafin nan. Saboda ita jiragen kamun kifi ba su fita ba, suna ɗaure a tasha. Cikin 'yan sa'o'i aka kwashe mutum kusan 5,000, akasarinsu a waɗannan jiragen, zuwa garin Þorlákshöfn da ke babban tsibirin Iceland. Babu wanda ya rasa ransa a daren. Mutum ɗaya ne ya mutu daga baya, sakamakon shaƙar iska mai guba.

Gidaje kusan 400 ne narkakken dutse da toka suka cinye. Amma abin da ya fi tayar wa hukumomi hankali shi ne yadda narkakken dutsen ya nufi mashigar tashar. Gida ana iya sake ginawa. Idan tasha ta toshe, jiragen kifi ba su da wurin sauke kaya, masuntan da aka kwashe kuma ba su da abin da za su dawo yi.

Wani masanin kimiyya, Þorbjörn Sigurgeirsson, shi ya tsaya kan shawarar a riƙa watsa wa narkakken dutsen ruwan teku don ya huce ya daskare. Da bututun 'yan kwana-kwana aka fara, daga baya aka kawo manyan injinan tura ruwa daga Amurka. An yi watanni ana wannan aiki, an kwarara ruwa kimanin tan miliyan shida. Narkakken dutsen ya tsaya kafin ya rufe mashigar, kuma a ranar 3 ga Yulin 1973 aka sanar da ƙarshen aman wutar.

Sai ga shi tashar ta fi da kyau, domin sabon dutsen ya zame mata garkuwa daga igiyar ruwan gabas. Tsibirin ma ya ƙara girma da kusan murabba'in kilomita biyu. An kuma yi shekaru ana ɗumama gidajen gari da zafin da ya rage a cikin dutsen.

Inda ya kamata baƙo ya fara

Mai sa'o'i kaɗan a hannu ba zai ga komai da komai ba, kuma ɓata su a shagon tsaraba asara ce. Da ƙafa ake zuwa gidan tarihi na Eldheimar, wanda aka buɗe a 2014. An gina shi ne a kan wani gida da aka tono bayan ya shafe kusan shekara 40 a ƙarƙashin toka. Kayan masu gidan suna nan inda suka bar su a daren da suka gudu.

Daga nan mai ƙarfin gwiwa sai ya hau Eldfell, dutsen da aman wutar ya haifar, mai tsayin kimanin mita 200. Ƙasarsa ja ce da baƙi, tana zamewa a ƙarƙashin takalmi, iska kuma ba ta da sauƙi ko da rani. Daga samansa ake ganin inda narkakken dutsen ya tsaya, kusa da bangon wasu gidaje.

Tsibirin yana da wani tsohon tabon. A 1627 'yan fashin teku daga Aljiyas suka kai masa hari, suka tafi da mutum sama da 200 suka sayar a arewacin Afirka. Kaɗan ne aka fanso suka dawo, ciki har da Guðríður Símonardóttir, wadda daga baya ta auri shahararren marubucin waƙoƙin coci Hallgrímur Pétursson.

Yawancin baƙi dai tsuntsun puffin suke tambaya, wani ɗan gajeren tsuntsun teku mai faffaɗan baki ja. Tsibiran nan ne matattararsa mafi girma a duniya, kuma a zirin Stórhöfði ake zuwa kallonsa. A ƙarshen Agusta zuwa Satumba 'ya'yansa ke barin ramukansu da dare su nufi teku, sai fitilun gari su ruɗe su, su faɗo kan titi. Yara kan fita da tocila da kwali su tsince su, a kwana da su a gida, da safe a kai su bakin teku a sake su.

Baƙon jirgin ruwa da wuya ya ga wannan farautar ta dare. Kafin duhu ya yi, jirginsa ya bi ta gefen baƙin dutsen ya koma teku.