Tiyon Numfashin Injin Mota: A Cire Ko A Bari?

A saman injin kusan kowace motar fetur akwai wani tiyon roba da ya fito daga murfin bawuloli ya nufi hanyar da iska ke bi ta shiga injin. A bakinsa akwai ɗan bawul da bai wuce girman babban yatsa ba, ana kiransa PCV. Su biyun tare da wani tiyo na biyu da ke kawo iska daga matata, su ne hanyar numfashin cikin injin. Sau da yawa idan aka ɗaga bonet ɗin tsohuwar mota sai a tarar an zare tiyon yana reto, ko an cusa masa ƙusa an ɗaure da waya. Mai motar ma bai san an yi ba.

Fahimtar aikin tiyon tana farawa daga fistin. Duk lokacin da fetur ya kama wuta a cikin silinda, ƙarfin fashewar ne ke tura fistin ƙasa. Zobban da ke jikin fistin su ne ke tare wannan ƙarfi, amma ko a sabon injin ba sa tare shi duka. Wani kaso na hayaƙi mai zafi yana silalewa ta gefensu ya sauka ƙasan injin, inda kwanon baƙin mai yake. Hayaƙin nan yana ɗauke da fetur da bai ƙone ba, da tururin ruwa, da tokar ƙuna. Idan ya zauna a can, ɓarna biyu yake yi. Yana tara matsi a wurin da ba a gina shi don matsi ba, sannan idan injin ya huce tururin ya koma ruwa ya gauraya da baƙin mai. Fetur ya tsinka man, ruwa da toka su mai da shi baƙin laka mai kauri da ke toshe ƙananan hanyoyin da mai ke bi.

Motocin da can suna da maganinsu mai sauƙi: bututu ne da ya sauko ƙarƙashin mota, iskar gudu tana zuƙe hayaƙin tana watsa shi a hanya. Idan motar tana tsaye ko tana tafiya a hankali, bututun ba ya zuƙar komai. A farkon shekarun 1950, masanin kimiyya Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hazon da ya addabi birnin Los Anjeles yana samuwa ne idan hasken rana ya faɗa wa iskar fetur da sauran hayaƙin motoci da masana'antu. Bincike ya nuna wannan bututu na cikin manyan ƙofofin da fetur ɗin ke fita. Daga motocin 1961 aka fara sa PCV a jihar Kalifoniya, zuwa 1963 ya bazu a yawancin sababbin motocin Amurka, a 1968 kuma tsarin da aka rufe shi ruf, wanda ba ya barin hayaƙin ya fita waje, ya zama doka. Yana cikin na'urorin farko da aka sa wa mota don rage gurɓata iska, wannan ne ma ya sa wasu ke ɗauka ba shi da amfani ga injin kansa. Kuskure ne babba, domin injin ya fi kowa cin moriyarsa.

Dabarar ita ce a bar injin ya zuƙe nasa hayaƙin. Iska mai tsabta tana shiga ta tiyo ɗaya, ta share ƙasan injin, ta fito ta bawul ɗin ta koma silinda a ƙone ta. A cikin bawul ɗin akwai ɗan ƙarfe da sifirin. Idan mota tana silo, zuƙar injin tana da ƙarfi kuma hayaƙin kaɗan ne, sai ƙarfen ya matse hanya. Idan aka taka totur hayaƙi ya ƙaru, sai ya buɗe. Idan wuta ta dawo baya ta hanyar iska, sai ya rufe gaba ɗaya don kada ta isa wurin mai. Bayan haka, zuƙar tana barin matsin cikin injin ƙasa da na waje kaɗan, wanda ke taimaka wa sil da gasket su riƙe mai.

Masu cire shi suna da hujja, kuma ba a raina ta. Hayaƙin da ke komawa yana tafe da feshin baƙin mai. Feshin yana ɓata bakin totur, yana jiƙa matatar iska, a tsohon injin kuma yana dafe fulogi ya sa salansa fitar da shuɗin hayaƙi. A sababbin injunan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, babu fetur da ke wanke bayan bawul ɗin shigar iska, don haka gawayi yana taruwa a wurin. Makanike ya zare tiyon, hayaƙin salansa ya ragu, mai mota ya tafi yana murna.

Murnar ba ta daɗewa. Wanda ya toshe tiyon ya kulle matsi a ciki, kuma matsi sai ya nemi mafita: ya ɗaga sandar awon mai, ya fasa gasket ɗin murfi, ko ya turo sil ɗin bayan injin, wanda canza shi sai an sauke giya. Wanda ya bar shi a buɗe yana reto ya koma zamanin bututun motocin da can, ko ma abin da ya fi shi muni. Babu zuƙar da za ta share ruwa da fetur, don haka baƙin mai yana lalacewa tun lokacin juye bai yi ba, musamman a motar da ke yini cikin cunkoson gari. Feshin mai yana shafe injin, warinsa yana shiga wurin fasinjoji. A ƙasa mai ƙura kamar arewacin Najeriya da Nijar, buɗaɗɗen tiyo ƙofa ce da ƙurar hunturu za ta bi ta isa baƙin mai ba tare da ta ratsa matata ba, kuma ƙura a cikin mai tana cin mitil da zobba. Idan kuma aka manta ba a rufe bakin da ke gefen injin ba, iskar da kwamfutar mota ba ta auna ba za ta riƙa shiga, silo ya rikice, fitilar gargaɗi ta kama.

Gaskiya ne motocin tsere sukan rabu da wannan tsari, amma suna da tankin tara feshi, wasu har da famfon zuƙa na musamman, kuma ana juye musu mai akai-akai. Motar haya ko ta kai yara makaranta ba haka take rayuwa ba. A Amurka ma cire shi daga motar da ke bin titi laifi ne a dokar tsabtar iska.

Gyaran ba shi da tsada a yawancin motoci. Tsohon samfurin bawul idan aka zare aka girgiza, ya kamata a ji ƙarfen ciki yana kaɗawa. Shiru alama ce ta ya daskare da datti. Idan injin yana silo aka ɗora yatsa a bakinsa, za a ji yana zuƙa. A duba tiyon ma, don zafi yana busar da roba ta tsage. Motocin Jamus da yawa, irin su Volkswagen da BMW, faifan roba suke da shi a cikin murfin bawuloli. Idan ya yage ana jin fito, murfin zuba mai kuma ya yi wuyar buɗewa injin yana aiki. Wanda feshin mai ya dame shi yana iya sa ɗan gwangwanin tara mai a tsakiyar tiyon, ya riƙa zubar da shi, numfashin yana nan yadda yake. Idan kuwa an canza bawul da tiyo amma hayaƙi bai daina bulbulowa daga bakin zuba mai ba, to zobban fistin ne ko bangon silinda suka cinye. Sai a auna matsin kowace silinda, a shirya yi wa injin ring.