2.3 Muhimmancin Labarin Rayuwar Mutum a Adabin Hausa

Idan aka duba rubutattun tarihohin ƙasar Hausa na dauri, za a ga cewa akasarinsu labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Tarihin Kano, alal misali, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, amma bai damu da yadda talaka ya yi aure ba, balle abin da ake ciki a cikin gida. Wannan giɓi shi ne labarin rayuwa yake cikewa, wato labarin da mutum ya bayar game da kansa, ko dai ya rubuta da hannunsa, ko ya faɗa wani ya rubuta, ko kuma ya saka shi cikin waƙa.

Babban misali a nan shi ne na Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Mary Smith, matar M. G. Smith wanda yake bincike a ƙasar Zazzau a lokacin, ita ce ta zauna da ita tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗi. Baba ba ta yi karatun boko ba, kuma ba 'yar sarauta ba ce. Amma daga bakinta aka ji yadda mahara suke faɗa wa ƙauyuka suna kama mutane, da yadda dangi suke tara dukiya su fanso nasu, da zaman bayi a rinji, da kuma yadda mutanen karkara suka ɗauki zuwan Turawa. Haka kuma ta yi bayanin ƙawance tsakanin mata, da kunyar ɗan fari, da bori, da zaman kishiyoyi. Ta yi aure sau huɗu ba ta haihu ba, sai dai ta riƙi 'ya'yan dangi. Wannan batu na rashin haihuwa abu ne da mace ba ta cika faɗarsa a bainar jama'a ba, kuma da wuya namiji marubuci na wancan zamani ya samo shi, tun da ba ya shiga cikin gida.

Kafin Baba akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, wanda ya bi Barth har Ingila a 1855. Schön ya rubuta labarinsa da Hausa, ya kuma sa shi cikin Magana Hausa a 1885. A nan amfanin biyu ne, domin ban da tarihi, labarin ya adana wa masu nazarin harshe irin Hausar da ake yi a tsakiyar ƙarni na 19.

Sai dai akwai abin lura. Labaran nan biyu duk ta hannun Turawa suka bi, kuma mai tambaya shi yake zaɓen abin da za a tambaya. Littafin Baba ya fito a Landan a 1954 cikin Ingilishi, bayan rasuwarta a 1951, ke nan ba ta sami damar gyara ko kalma ɗaya ba. Saboda haka ya kamata mai nazari ya bambanta irin waɗannan da Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, inda wanda ya yi tafiyar Ingila a 1943 shi ne ya riƙe alƙalami, ya kuma rubuta don Hausawa 'yan uwansa.