Takunkumi da Fatar Fuska: Ƙurji Yana Warkewa, Tabo Ne Ke Daɗewa

Ranar 22 ga Yulin 2020 magajiyar garin Washington, Muriel Bowser, ta kafa dokar da ta wajabta wa mazauna birnin sanya takunkumi da zarar sun fita daga gida, wanda ya saɓa kuwa tararsa tana iya kaiwa dala 1,000. Maƙwabta sun riga ta. Jihar Maryland ta fara tun a watan Afrilu a shaguna da motocin haya, Virginia kuma ta bi sahu ranar 29 ga Mayu. Duk wanda ya san Yulin Washington ya san abin da hakan ke nufi ga fuska. Zafin garin bai kai na Sakkwato a bazara ba, amma iskarsa jiƙe take sharkaf, zufa ba ta bushewa, sai ta kwanta a jiki ta yi danƙo. A irin wannan yanayi aka ce mutum ya rufe hanci da baki tun safe har dare.

Dokokin sun zama tarihi. Birnin ya janye tasa ta cikin gine-gine ranar 1 ga Maris 2022, ta jiragen ƙasa da na sama da motocin bas kuma wata alƙaliya a Florida ta soke ta ranar 18 ga Afrilun 2022. Takunkumin dai bai tafi ba. 'Yan'uwanmu da yawa a kewayen birnin, irin su Silver Spring da Hyattsville da Lanham da Alexandria aikin jinya suke yi, ko kula da tsofaffi a gida, ko share-share a asibiti, kuma a irin wannan aiki awa 12 a tsaye ba abin mamaki ba ne. Idan sanyi ya kama, mura da korona suka motsa, asibitoci sukan dawo da dokarsu, kamar yadda asibitocin Johns Hopkins na Maryland suka yi a Janairun 2024. Sannan ga hayaƙi. Ranar 8 ga Yunin 2023 hayaƙin gobarar dajin Kanada ya turnuƙe Washington har aka rufe gidan namun daji na ƙasa, aka ɗage wasan ƙwallo na ƙungiyar Nationals, mutane suka shiga binciken aljihun tebur suna neman ragowar takunkumin N95. Masu gini da masu fenti kuwa dama can da shi suke wuni.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙyallen ba asiri ba ne. Kowane numfashi yana fitowa da ɗumi da danshi, ba su da hanyar fita, sai su haɗu da zufa da maiƙon fuska. Fatar da ta daɗe a jiƙe takan yi laushi, ƙarfin kariyarta ya ragu. A daidai lokacin kuma takunkumin yana goga ta duk sanda aka yi magana ko dariya ko aka gyara masa zama. Ƙofofin gashi su toshe, ƙwayoyin cutar da ke zaune lafiya a fata su samu wurin hayayyafa. Likitocin fata sun san wannan tun kafin korona, domin 'yan wasan ƙwallon Amurka sun daɗe suna fama da ƙuraje a haɓa, daidai inda maɗaurin hular kwano ke zama.

An ma ƙidaya. Bayan annobar SARS ta 2003, wani bincike a Singafo ya gano cewa kashi 35.5 cikin 100 na ma'aikatan lafiya masu amfani da N95 sun samu matsalar fata, kuma ƙurajen fuska ne a kan gaba. A farkon 2020 aka tambayi ma'aikatan lafiya 542 a lardin Hubei na ƙasar Sin, kashi 97 cikin 100 suka ce kayan kariya sun yi wa fatarsu illa. Karan hanci ya fi ko'ina shan wuya, kuma waɗanda ke wuce awa 6 da kayan a fuska sun fi shiga haɗari. Mutanenmu da ke aikin dare suna ninka wannan awa shida.

Inda ake yin kuskure shi ne ɗaukar duk abin da ya fito a fuska a matsayin ciwo ɗaya. Ba haka ba ne, kuma maganin wani guba ne ga wani. Ƙurajen maiƙo, masu farin kai ko baƙin kai, a haɓa da kumatu suke fitowa, ba su cika ƙaiƙayi ba. Idan kuwa wurin yana zafi kamar an watsa barkono, ya bushe yana saɓa, to gogayya ce da danshi suka ci fatar, kuma shafa mata maganin ƙuraje ƙara mata wuta ne. Akwai kuma wanda jikinsa ne ba ya shiri da wani sinadari, galibi na robar maɗauri ko wanda aka sarrafa yadin da shi. Alamarsa ƙaiƙayi mai tsanani, kuma kumburin yakan bi sawun abin da ya taɓa fata, har ka ga zanen igiya a bayan kunne. Wannan ba ya jin magani sai an gano abin an rabu da shi, kuma likitan fata yana da gwajin da ake mannawa a gadon baya don gano shi. Sai miki na matsi a karan hanci, wanda ƙarfen N95 ke jawowa. Da fari wurin yakan yi duhu ko ya yi tauri, daga baya ya fashe.

A kula da wannan duhun. Yawancin hotunan da ke cikin littattafan likitanci na farar fata ne, inda kumburi ke fitowa jawur. A fatarmu ba lallai ya yi ja ba. Yakan yi ruwan toka, ko shuni-shuni, ko ya fi kewayensa baƙi kawai. Saboda haka mutum yakan daɗe yana cutuwa bai sani ba, wani lokaci ma mai duba shi bai gane ba. Mazauna Washington sun yi sa'a ta wannan fuska, domin asibitin Jami'ar Howard, wanda asalinsa asibitin 'yantattun bayi ne da aka kafa a 1862, yana da sashen fata da ya daɗe da shahara a kan cututtukan baƙar fata, tun zamanin marigayi Dakta John A. Kenney Jr. Ko ba can mutum zai je ba, ba rashin kunya ba ne ya tambayi likita ko ya saba duba fata irin tasa.

Ƙurjin takunkumi yakan mutu cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da yake bari shi ne matsalar. Baƙar fata idan ta ji rauni takan zubo da launi fiye da kima a wurin, sai ƙurji ya tafi ya bar baƙin tabo, tabon kuma ya yi watanni, wani ya haura shekara. Matse ƙurji da farce yana zurfafa shi. Dirje fuska da soso ko da sabulu mai kaifi, da sunan fitar da datti, yana faɗaɗa shi. Hasken rana yana ƙara masa duhu.

A nan ne ake tafka ɓarnar da ta fi ta takunkumin. Yarinya ta ga tabo a kumatu, biki ya matso, sai ƙawa ta ce ai akwai wani mai da aka kawo daga gida, kwana uku fuska ta yi fes. Irin waɗannan mayuka, su Funbact-A da danginsu, suna ɗauke da sinadarin siteroid mai ƙarfi, wanda a Amurka sai da takardar likita ake bayar da shi, kuma an yi su ne don wasu cututtuka na ɗan lokaci. A kwanakin farko kumburi yakan kwanta, mai shafawa ta yi murna. Sai a ci gaba. A ƙarƙashin takunkumi, inda ɗumi da danshi ke sa fata ta zuƙi magani fiye da yadda aka saba, fatar takan yi siriri, jijiyoyi su bayyana, wasu ƙananan ƙuraje su kewaye baki da hanci, waɗanda da zarar an daina shafawa sai su taso da fushi, a koma wa man, su lafa, a daina, su dawo. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Man bilicin kuwa, tun Satumbar 2020 doka ta hana sayar da mai ɗauke da sinadarin haidurokwinon a Amurka ba tare da takardar likita ba, kuma a Afrilun 2022 hukumar abinci da magunguna ta FDA ta aika wa kamfanoni 12 takardar gargaɗi a kai. Hukumar ta sha yin kashedi cewa ana samun sinadarin makuri a wasu mayukan hasken fata da ake shigowa da su, abin da ke lalata ƙoda da jijiyoyi, ya kuma shafi jaririn da ke shan nono. Kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, ko da amintacciyar hajiya ce ta haɗa, ba ta da hurumi a fuska. Haka lemun tsami, da man goge baki, da Dettol.

Maza kuma gemu ne nasu. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ba ta yarda gashi ya shiga tsakanin fata da bakin N95 ba, don iska takan sulale ta nan, shi ya sa ake gwada wa ma'aikaci takunkuminsa duk shekara, ake kuma cewa ya yi aski. To gashinmu murɗaɗɗe ne. Idan reza ta yanke shi ƙasa-ƙasa sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata, ƙurajen aski su fito, takunkumi kuma ya bi ta kansu yana gurzawa. Wanda ke fama da wannan, ko wanda ya ajiye gemu saboda sunna, ya sani akwai wata na'urar numfashi mai hula da ke hura tatacciyar iska, wadda ba ta buƙatar manne wa fata, kuma yana da damar neman ta a wurin aiki. Batun ba baƙo ba ne a wannan birni. Wasu ma'aikatan kashe gobara na Washington, yawancinsu Musulmi, sun kai ƙara kan dokar aske gemu, kotun tarayya ta ba su gaskiya a 2007, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2009. Wanda dole sai ya aske, ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi, ya bi kwanciyar gashi da reza, kada ya ja fata.

Rigakafin kuwa ba shi da tsada. A wanke fuska safe da dare da sabulu mai sauƙi marar turare, da hannu kawai. A shafa mai marar nauyi, a bar shi ya shiga jiki kafin a ɗaura takunkumi. Man kwakwa yana toshe ƙofofin gashi, a bar shi ga kai da ƙafa. Basilin yana da kyau a leɓe da bayan kunne, amma kada a lafta shi inda bakin N95 ke zama, don yana iya sa ya zame. Hoda da kwalliya a ƙasan ido asara ce, babu mai gani, sai toshe fata. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ba da shawarar a cire takunkumi na minti 15 bayan kowace awa 4, a waje ko a inda babu mutane, bayan an wanke hannu.

Mu masu salla muna da wannan hutun a cikin tsarin yininmu, sai dai mukan ɓata shi da gaggawa. Ana idar da alwala a banɗakin wurin aiki, fuska tana ɗigar ruwa, sai a mayar da takunkumin da ya riga ya jiƙe da zufa. A tsane fuska tukuna, kuma a riƙa ajiye na canji a jaka. Na yarwa idan ya jiƙe ya gama aiki. Na yadi, wanda cikinsa auduga ya fi, kullum ake wanke shi, a ɗauraye sosai, ba tare da turaren wanki ba, kuma kada a turara shi da turaren wuta komai son ƙamshi. Mata masu hijabi sun fi kowa sanin ciwon bayan kunne, inda roba ke cin nama a ƙarƙashin ɗankwali. Mai ɗaurin ƙeya ya fi musu, ko a haɗa igiyoyin biyu da ɗan maƙali a bayan kai. Mai sayen N95 kuma ya duba tambarin hukumar NIOSH da lambar amincewa mai farawa da TC a jikinsa. A Fabrairun 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da kama jabun N95 sama da miliyan 11, ciki har da waɗanda aka samu a wani rumbun ajiya a yammacin Maryland. Jabu ba ya kare huhu, kuma ba wanda ya san da me aka yi shi.

Idan ƙurajen maiƙo ne, akwai magunguna a kemis da ba sa buƙatar takardar likita, kamar mai ɗauke da benzoyil feroksaid ko adafalin. A fara da mafi rauni, da dare, ba kullum ba, kuma a ba shi mako 6 zuwa 8 kafin a yanke hukunci. Na farkon yana kashe launin tufafi da matashin kai. Mai ciki kada ta taɓa na biyun, ta tambayi likitarta. Man kariya daga rana yana hana tabo ƙara duhu, kuma zancen cewa baƙin mutum ba ya buƙatarsa ba gaskiya ba ne.

Akwai lokacin da dabarun gida suka ƙare: miki ya buɗe a hanci, ƙurji yana fitar da mugunya ko ruwa mai yin ɓawo launin zuma, kumburi yana yaɗuwa da zafi ko zazzaɓi, ko an yi mako biyu ana lallaɓawa abin yana gaba. Kumburin leɓe ko ido tare da sarƙewar numfashi kuwa na gaggawa ne, a kira 911. Ma'aikacin asibiti ya fara da ofishin lafiyar ma'aikata na wurin aikinsa, domin sukan canza masa samfurin takunkumi su sake gwaji. Wanda ba shi da inshora ya nufi cibiyoyin lafiya na al'umma, irin su Mary's Center da Unity Health Care, inda ake biya gwargwadon samun mutum. Ya tafi da takunkumin da yake sawa, da duk kwalaben da ya shafa, har wadda yake jin kunyar nunawa.