Me Ya Sa Likita Ke Tambayar Shekaru Kafin Ya Duba Ƙwaƙwalwa?

Wannan makon mun kawo muku bayani a kan na'urar MRI da ake samu a manyan asibitoci. Mutum zai kwanta a tura shi cikin wani bututu da maganaɗisu mai ƙarfin gaske ya kewaye. Shi ya sa ko makulli ba a shiga ɗakin da shi. Ba a fasa kai, ba a ɗibar jini. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda aikinsu a kanta.

Ban da ɗaukar hoto, na'urar tana auna sinadaran da ke cikin ƙwaƙwalwa. Sakamakon yakan fito a zanen layi mai tudu da kwari, kuma tsayin kowane tudu ke nuna yawan sinadarin. Biyu kawai za mu ɗauka. Na farko shi ne NAA, wanda ke nuna lafiyar ƙwayoyin jijiya. Na biyu kolin, wanda ke yawaita inda ake gina sababbin ƙwayoyin halitta.

A kan jariri sabon haihuwa tudun kolin ya fi na NAA tsayi, domin gini ake yi ba dare ba rana. Lokacin ne ake lulluɓe jijiyoyi da wani irin kitse, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, don saƙo ya riƙa gudu. Kafin yaro ya cika shekara 2 lamarin ya juya, NAA ya haye sama, kolin ya sauko. Mu ma da muke ajin JSS ba a gama namu ginin ba, don sashen goshi yakan kai shekara 20 da ɗoriya yana nuna. Idan tsufa ya zo kuma, NAA yakan ɗan ragu a wasu sassa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Idan aka ga kolin ya yi sama NAA ya yi ƙasa a kan babban mutum, likita zai fara zargin ƙari ne ya fito. A kan jariri kuwa wannan zanen lafiya ce lau. Likitan da ya auna jariri da ma'aunin manya zai iya tayar wa iyaye hankali a banza, ko ya sa a fara neman maganin ciwon da babu shi.